Sandar sitiyari: a gyara ko a sayo ta Beljiyam?

Wa alaikumus salam Malam. Game da Elantra ɗinka ta 2012 da sitiyarinta ke ƙwas-ƙwas, har bakanike ya ba ka zaɓi ko a buɗe sandar a gyara ko a sayo ta Beljiyam (wato tsohuwa da aka shigo da ita daga waje) a kasuwar Ƙofar Ruwa, ni dai gyara na zaɓa maka. Kada ka fitar da kuɗin sayen sanda sai an buɗe taka ka gani da idonka.

Sitiyarin motar nan na lantarki ne, ba ruwansa da mai ko famfo. Akwai ɗan inji maƙale a jikin sandar, ƙarƙashin dashbod, daidai gwiwar direba. Tsakaninsa da giyar da ke juya sandar an sa wata 'yar roba mai haƙora, girmanta bai fi murfin kwalbar lemo da yawa ba. Ita ce ke cinyewa, ƙarfe ya koma dukan ƙarfe. Sanannen abu ne a Elantra da Sonata da wasu Kia na waɗannan shekarun, ga kuma zafin Kano da gargadar hanyoyinmu da ba sa raga wa roba.

Kafin ka koma gareji, gwada da kanka. Tayar da motar tana tsaye, ka riƙa kaɗa sitiyarin dama da hagu kaɗan-kaɗan. In ƙarar daga saitin gwiwarka take fitowa, har kana jin bugunta a tafin hannu, galibi robar ce. In daga can ƙasa ne wajen birki da totur, sa wani ya riƙe kuros, wato gaɓar da ke haɗa sandar da rak (ƙarfen da ke tura tayoyi dama da hagu), ya ji ko yana wasa. In kuwa daga wajen tayoyi take, kuma sai an faɗa rami ake jinta, to sandar ba ta da laifi, a duba tayarod da boljoyin, wato gaɓoɓin ƙarfen da ke haɗe da tayoyin gaba. Ko sabuwar sanda ka ɗaura, wannan ƙarar ba za ta tafi ba.

Tawa motar ba irin taka ba ce, amma ita ma lantarki ce, kuma ta yi min wannan ƙarar bayan wata damina. Wani dattijon bakanike na kai wa, Allah ya saka masa da alheri. Bai ce min komai ba sai da ya kwanta ya cusa hannu ƙarƙashin dashbod, ya ce "Alhaji, kaɗa." Da ya sauke sandar ya cire injin, robar ta fito a ragargaje, ya zuba min ita a hannu. Ya aiki yaronsa kasuwa, ya wanke gurbin tas, ya sa giris, kafin la'asar na ɗauki motata. Kuɗin aikin ma ya fi kuɗin robar. Tun daga nan nake bin hanyar Wudil da ta Zariya da ita shiru. Abin da ya fi kwantar min da hankali shi ne sandar da motar ta zo da ita ce har yanzu a jiki, na san tarihinta, kuma kwamfutarta da ta motar sun san juna.

Ta Beljiyam kuwa, to, tana aiki in an dace. Amma robar da ke cikinta sa'ar taka ce a shekaru.

Inda ba makawa sai an saye ta shi ne in fitilar sitiyari ta kama a dashbod, ya yi nauyi ko yana fizga gefe ɗaya da kansa, kuma an ɗora kwamfuta ta nuna na'urar da ke auna ƙarfin juyawar hannunka ce ta mutu. Ko a nan ma a fara auna batir da altaneta da fiyus, don sitiyarin lantarki yana yin nauyi in wuta ta yi ƙasa. Haka in motar ta taɓa yin karo mai ƙarfi: an ƙera sandar ne ta yadda za ta nutse cikin kanta don kada ta soki ƙirjin direba, kuma wadda ta riga ta nutse ba a miƙe ta, ba a yi mata walda. Duk wanda ya ce zai yi mata walda, ɗauke motarka ka bar wurin.

Ba ka tambaya ba, amma in har ta kai ka ga saye, ka yi hattara. Akwai masu gaskiya da yawa a kasuwar, akwai kuma masu wanke wadda aka ciro daga motar da ta gama wahala a nan gida, su shafa mata mai su ce yanzu aka sauke ta daga kwantena. Wasu kuma ta motar da sitiyarinta ke dama za su miƙa maka. Tafi da taka tsohuwar, a jera su, lambar da ke jiki ta zo ɗaya, soket ya zo ɗaya. A rubuta maka a rasit cewa in ba ta yi ba za ka dawo da ita. Kuma kar ka bar tsohuwar a gareji, domin akwai bakaniken da zai matsa maka ka saya don ya gaji taka, ya sa mata roba ya sayar.

Ko wanne aka yi, ka tsaya a kai a cire kan batir a ɗan jira kafin a taɓa jakar iska. A ɗaure sitiyarin tayoyi na miƙe, don in ya wulwula wayar da ke naɗe a bayansa za ta tsinke, hon ya mutu, fitilar jakar iska ta kama. In an gama a ɗora kwamfuta a saita masa tsakiya.

Gobe ka ce wa bakaniken ya cire ɗan injin sandar a gabanka ya nuna maka robar, sannan a yi maganar kuɗi.