Abin da na gani bayan gwada injinan goge fenti biyu a kan baƙar mota

Motata Toyota Corolla ce baƙa, kuma duk wanda ya riƙe baƙar mota a ƙauyukan Ringim ya san cewa hunturu ɗaya ya isa ya dusashe ta, domin ƙura tana kwanciya a kanta da dare, da safe kuma yara su share ta da busasshen tsumma. Idan rana ta take, sai ka ga jikinta cike da siraran zane masu zagaye kamar saƙar gizo-gizo. Wannan ne ya sa na ware makonni uku ina gwada injina biyu da soso iri uku da man gurza iri uku, kafin in yanke shawarar abin da zan riƙe.

Injin farko aro na yi daga wani mai fenti da muke mutunci da shi, Makita 9227C, mai ƙarfin wat 1200, wanda ke juyawa daga 600 zuwa 3000 a minti ɗaya. Irinsa juyi ɗaya yake yi a kan tsakiya guda, kamar dutsen wasa wuƙa. Na biyun kuwa saye na yi a Ƙofar Ruwa cikin Kano, ƙirar Sin, kuma juyi biyu yake haɗawa, wato faifan da ake manna wa soso yana juyawa yana kuma kaɗawa gefe da gefe da faɗin milimita 15, tsarin da kamfanin Rupes na Italiya ya yi suna da shi. Na raba bonet gida huɗu da tef ɗin takarda domin in riƙa ganin bambanci ido da ido, ina haskawa da tocilar waya bayan magariba, lokacin da zane ba ya iya ɓuya.

Ya kamata a fahimci cewa wannan aiki rage fenti ne, domin ana cinye shafin sama mai sheƙi, wanda masu fenti ke kira kiliya, har sai ya sauka daidai da zurfin zanen. Kiliyar da ta zo daga kamfani ba ta kai kaurin takardar rubutu ba, saboda haka duk abin da aka gurje ya tafi ke nan. Mai fentin ya koya mini gwajin farce: idan ka ja farcenka a kan zane ya maƙale, to wannan ya wuce aikin inji, sai dai feshi.

Ta fuskar sauri, Makita da soson ulu ba shi da abokin gasa, domin gidan da na ba shi ya share cikin mintuna kaɗan. Sai dai ya bar wasu layuka masu walƙiya a bayansa, kamar sawun maciji a kan yashi, waɗanda ba sa fitowa sai a haske mai ƙarfi kamar na rana, kuma dole aka sake bi da soso mai laushi kafin su ɓace. Bayan haka yana tara zafi matuƙa. A kan lanƙwasar fenda ta hagu, inda fenti ya fi siranta, na tsaya wuri ɗaya fiye da kima ina sauraron gaisuwar wani maƙwabci, ko da na ɗaga injin sai na tarar da tabo mai launin toka, girman ƙwayar gyaɗa. Laifina ne ba na injin ba, kuma da na nuna wa mai shi, dariya ya yi ya ce, "Malam, ai wannan doki ne, ba a sakar masa linzami ana hira."

Injin mai juyi biyu ya fi cin lokaci, kusan ninki biyu a lissafina, kuma yana girgiza hannu har yatsu su yi sanyi bayan awa guda. Amma idan ka danna shi da yawa ko ka karkata shi, faifan yakan daina juyawa maimakon ya ƙone fenti, kuma wannan kariyar ita ce mutum irina yake buƙata. Bai bar sawun macijin nan ba ko sau ɗaya. Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne wayarsa gajera ce, faifan da ya zo da shi kuma ya fara sakin soso tun a mako na biyu, sai da na sayi wani.

A wajen soso ne na sha mamaki, domin sauya shi ya fi sauya man gurza tasiri. Na ulu yana ci da ƙarfi, mai laushi ƙwarai kuma na gamawa ne kawai, ba ya taɓa zane mai zurfi. Matsakaicin soson kumfa shi ne ya yi mini kashi mafi yawa na aikin. Soso yana toshewa da mai da garin fenti, saboda haka nakan kakkaɓe shi da tsohon buroshin haƙori bayan kowane gida, kuma guda ɗaya ba ya isar mota, sai uku ko huɗu.

Man gurza kuwa, Farécla G3 na Ingila shi ne wanda masu fentinmu suka saba da shi, ana yayyafa masa ruwa, yana aiki sosai da injin juyi ɗaya, amma yana fantsama, sai an rufe gilashi da robobi. Menzerna 400 na Jamus ya fi dacewa da injina, domin yana daɗewa bai bushe ba, kuma sheƙin da yake bari ya kusa wadatarwa a kan mota mai hasken launi. A kan baƙa dai sai da na bi bayansa da Meguiar's M205 a soso mai laushi, sannan baƙin ya yi zurfi har ina ganin ganyen darbejiya ɗaya bayan ɗaya a cikin bonet.

Akwai abubuwa biyu na yankinmu da takardar kowane mai ba ta ambata ba. Ƙaramin janaretan da muke kunna fanka da fitila ba ya ɗaukar injin wat 1200, sai da na nemo babba na mai cajin waya a bakin kasuwa. Sannan ƙura ba ta bari a yi aiki a fili, domin ƙwayar yashi ɗaya idan ta shiga soso za ta zana abin da ka ɓata awa kana gyarawa. Na koma yin aikin a cikin zaure bayan sallar asuba, na yayyafa ruwa a ƙasa, ƙarfen motar ma yana da sanyi a lokacin.

Na mayar da Makita ga mai shi, na riƙe injin mai juyi biyu da matsakaicin soso huɗu da mai laushi biyu. Tabon fendar yana nan, mai fentin ya ce in kawo ta bayan damina ya fesa mata.