A Ingila, bayan shanyewar ɓarin jiki har ƙwaƙwalwa ake aunawa

'Yan uwa, ina gaishe ku daga Manchesta. Kawuna da nake zaune a gidansa ya samu shanyewar ɓarin jiki bara. Alhamdu lillahi ƙafa ta dawo, hannu ma yana ɗaga kofi. Da a gida ne, da tuni an ce ya warke, an yi sadaka.

Ranar da na raka shi a sake duba shi, nas ta miƙa masa takarda ta ce ya zana agogo, ya sa shi a ƙarfe sha ɗaya da minti goma. Kawu ya ɗaure fuska, mutumin da ya yi shekaru yana koyar da lissafi. Ya kama biro, abu ya gagara. Kalmomi biyar da ta ce ya riƙe, biyu ya tuna. Wallahi har muka iso gida bai ce uffan ba.

Likita ta yi mana bayani a natse. Hawan jinin da ya kayar da shi bai tafi ba, yana nan yana lalata ƙananan jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa a hankali, ba ciwon kai, ba jiri. Masana a jami'ar Oxford sun nuna a 2009 cewa kusan mutum ɗaya cikin goma kan shiga ruɗewar tunani bayan shanyewar farko. Idan ta sake dawowa, fiye da kashi ɗaya cikin uku. Shi ya sa likitoci suke so jinin Kawu ya tsaya ƙasa da 130/80. Muka sayi abin awo na ɗaurawa a dantse, safe da yamma ana rubutawa. Magani kyauta ne ga duk wanda ya kai shekara 60, kuma wanda ya kai 40 kemis na auna masa jini ba ko sisi.

Ba wai nan aljanna ba ce. Kafin ka ga likitan unguwa sai ka kama waya tun ƙarfe takwas, ka bi layi, a ƙarshe a ce ka sake kira gobe. Sannan kaɗaici. Kawu kan wuni shi da talabijin, ba mai leƙowa ya ce ya jiki. Nakan tuna zaurenmu, 'yan dubiya har dare, hirar da ke motsa tunanin dattijo.

Amma mu ma, me muke kai wa mara lafiya? Farfesu cike da gishiri da dunƙule. Tsoho ya fara maimaita tambaya, ya manta raka'a nawa ya yi, sai mu ce gigin tsufa ne ko an yi masa sammu, ba wanda zai ɗaura masa abin awo. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ajiye magani da zarar kai ya daina sara, a ce jini ya sauka, a koma jiƙo. Maganin ne ya saukar da shi, an daina kuwa zai sake hawa. Yaya, na ji an ce Inna ta daina shan nata tun azumi. Don Allah a mayar mata da shi yau, abin awo na nan tafe.