Na'urar ji da muka sa wa Baba a Garwa, ga yadda na gani

Masu ta tambayata kan na'urar kunnen Baba, bari in amsa muku gaba ɗaya. Na'urar kam tana aiki, irin ta bayan kunne ce, amma wlh wadda ta ci kuɗinta ita ce madam ɗin da ke kula da masu matsalar ji a sashen kunne, hanci da maƙogwaro na asibiti.

Baba ya daɗe yana aikin injin niƙa, ƙarar ce ta cinye masa kunne, dama duk ƙarar da ta kai desibel 85 (ma'aunin ƙarfin ƙara ke nan) in kana wuni cikinta kullum sai ta yi ɓarna. Gwaji ya nuna siraran sautuka ne suka tafi, shi ya sa yana jin murya amma s da sh da f duk ɗaya ne a wajensa, sai ya ce mu ne ke magana ciki-ciki, har majalisar bayan la'asar ya daina zuwa don in an yi dariya gani yake da shi ake.

Madam ba ta taɓa yi masa ihu ba. Gabansa take zama inda zai ga bakinta, ta ce "Baba, da farko ba za ku ji daɗinta ba, muryarku ma za ku ji ta kamar daga cikin tulu, ba lalacewa ta yi ba, ƙwaƙwalwa ce ke sabawa." Da ba ta faɗa ba da tuni ya jefa ta ƙarƙashin gado, na san halin tsohona. Ta ce ya fara da awa biyu zuwa uku a ɗaki shi da Inna, sai rediyo, sai masallaci, kasuwa ce ƙarshe. Mu ma ta ja mana kunne, kar a kira shi ta baya, kar wani ya amsa tambayar da shi aka yi wa, in bai gane ba a canza kalma ba a ɗaga murya ba. Ta kuma koya masa ya ce "maimaita a hankali" ba kunya, maimakon gyaɗa kan ƙarya da ya saba. Yanzu shi ke cinikin cefanensa da kansa.

Inda ban ji daɗi ba, jira ranar randebu, wato ranar da aka ce ku dawo asibiti, sai ku wuni. Batir lamba 13 kuma ba kowane famasi ke da shi ba, da ƙyar yake kai sati biyu, ku saya da yawa, kuma kar ku ɓare takardar bayansa sai za a sa. Zafin Garwa na Maris da Afrilu gumi na shiga cikin na'urar, dole a goge a buɗe murfin batir da dare, a cire kafin alwala. Waɗancan na'urorin masu arha na kasuwa da ake sayarwa ba gwaji, komai suke ɗagawa har kukan mashin, dan Allah a kai tsoho a auna kunnensa tukuna.