Takalmin jar fata daga shiyar Madunka, da ladan hannun da ya ɗinka shi

Makonni biyar kafin babbar sallar da ta wuce na shiga shiyar Madunka, unguwar dukawan Sakkwato, da niyyar sayen takalmin sawa zuwa idi da kuma jakar zuba takardu, domin wadda nake zuwa aiki da ita, ta leda ce 'yar waje, kuma ba ta cika shekara ba ta fara saɓulewa kamar fatar maciji. Wani abokin aikina ne ya yi mini kwatancen shagon, tare da gargaɗin cewa kayansu sun fi na maƙwabtansu tsada, kuma maigidan ba ya son dogon ciniki. Yanzu wata bakwai ke nan ina amfani da kayan, sun sha ruwan damina, sun shiga ƙurar hunturu, saboda haka ina ganin na isa in faɗi abin da na gani.

Shagon ɗaki biyu ne. Na gaba shi ne na baje koli, inda aka jera takalma da alabe da gafaka da tumtum masu ado, na ciki kuma nan ne masu aiki suke zaune a kan tabarma, mutum shida a ranar da na fara zuwa, ban da yara biyu masu miƙa kaya. Warin jima da na gam ne suke fara tarbar mutum tun daga bakin ƙofa, kuma babu fanka mai aiki sai an kawo wuta, abin da duk wanda ya san zafin Sakkwato kafin saukar ruwa zai gane nauyinsa. Wurin ba shi da ƙawa, amma a share yake, kuma an bar ni na ɗauki kowane takalmi na lanƙwasa shi na duba ɗinkin ciki ba tare da an tsaya mini a ka ba.

Takalmin da na zaɓa na fatar jar akuya ne, an jeme ta da bagaruwa, an rina ta ja mai duhu, an yi mata shafi da wata fata mai laushi daga ciki, ƙasan kuma roba ce mai kauri. Abin da ya bambanta shi da na kasuwa shi ne ba gam kaɗai aka dogara da shi ba, an bi gefen gaba ɗaya da ɗinkin hannu, kuma tazarar da ke tsakanin kowane huji da na kusa da shi daidai take kamar an auna. A makon farko ya ɗan cije ni a bayan babban yatsa, daga nan fatar ta saki ta bi siffar ƙafata. Sau biyu ruwan sama ya kama ni da shi a hanya, na shanya shi a inuwa, bai taurare ba, bai kuma buɗe baki ba. Jan ya ɗan zuba a kan farar safa a karon farko, wannan kam aibi ne, kuma ya kamata a riƙa faɗa wa mai saye tun kafin ya biya.

Jakar ba ta kai takalmin ba. Fatarta da ɗinkinta ba su da abin kushewa, amma zif ɗin da aka sa mata na banza ne, ya lalace cikin wata na uku, sannan an yi mini alkawarin kwana goma sai da ta kwashe ashirin da uku, bayan na ba da rabin kuɗin kafin alƙalami. Sau uku ina hawa kabu-kabu zuwa shagon ana ce mini in dawo jibi.

Kuɗin takalmin naira 22,000 ne, alhali a rumfunan da ke kusa na ga masu kama da shi a ido ana sallamawa a 14,000 ko ƙasa da haka. Na taya 17,000 kamar yadda kowa zai yi. Maigidan, wanda ba zai wuce shekara arba'in da biyar ba, bai ce albarka ba, sai ya nuna mini wani dattijo da ke can ciki yana huda fata da basilla, ya ce: “Malam, wanga kuɗɗi da kaka son in rage, ba ga ribata za su hita ba, ga hannun Baba za su hita.” Na ɗauka salon kasuwa ne, domin kowane ɗan kasuwa yana da irin tasa maganar, amma da yake jinkirin jakar ya sa na yi ta zarya, na samu damar zama da masu aikin lokacin da maigidan ba ya nan, kuma abin da suka gaya mini bai saɓa da nasa ba. Jinga ake yi, ana biyan mai ɗinki naira 3,000 a kan kowane takalmi ƙafa biyu irin nawa, kuma ana biya ranar da aka gama aikin, ba sai an sayar ba. Biyu daga cikinsu sun ce a inda suka baro rabin haka ake ba su, wani lokaci ma sai bayan sallah, idan maigida ya tattara bashin da yake bi.

A nan ne na zauna na yi lissafi, domin ina ganin wannan lissafin ya fi launin takalmin muhimmanci. Ɗinkin hannu irin wannan, idan aka haɗa da yanka da shafi da jiran gam ya kama, yakan ci wa mutum yini guda. Wanda ya yi aiki kwana 26 a wata zai tashi da naira 78,000, wato ya ɗan haura mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yulin 2024. To amma wannan lissafin lokacin kasuwa ne, gabanin salla da lokacin bukukuwan aure. A tsakiyar damina, in ji su, akan yi mako ba a ɗinka takalmi uku ba. Ita kanta naira 70,000 ɗin, idan aka raba ta kwana talatin, ba ta kai 2,400 a yini ba, kuma magidanci mai mutum shida a gida bai samu naira 400 a kan kowane baki ba, tun kafin a zo maganar haya da magani da kuɗin makaranta. Lokacin da aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 30,000 a 2019, kuɗin sun haura dala 80 a canjin kasuwa na wancan lokaci, amma 70,000 ta 2024 ba ta kai dala 50 ba, saboda faɗuwar naira bayan an sake ta a watan Yunin 2023, makonni kaɗan bayan cire tallafin man fetur. A watan Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a ƙididdigar hukuma. Wato shagon da ya ninka ladan maƙwabtansa, da ƙyar yake kai ma'aikacinsa ga wani mataki wanda shi kansa ba ya ciyar da gida.

Kuma babu dokar da ta tilasta wa maigidan yin ko da hakan. Dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ba ta kuma shafi masu aikin jinga ko na la'ada ba, wanda ke nufin kusan duk wani baduku da tela da makaniki da yaron shago a wannan gari yana wajenta. Da na tambaye shi dalilinsa, bai kawo mini maganar doka ba, hadisin nan ya ambata na a bai wa ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, sannan ya ƙara da dalilin kasuwa, cewa ƙwararren mai ɗinki idan ya tafi ba a samun madadinsa cikin shekara. Dattijon nan, wanda kowa ke kira Baba, ya tabbatar da haka ta wata fuskar. Ya ce mini: “Yaran yanzu sun hi son kabu-kabu, ɗana, don shi kullum da marece ana ganin kuɗɗi. Mu da munka gaji aikin ga iyayenmu muna nan, amma wa za ya zamna bayanmu?” Yana maganar yana jan zare da haƙori, kuma na lura babban yatsansa na dama ya yi kanta har ya canza siffa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne darajar wannan fata a wajen ƙasar nan. Fatar jar akuyar Sakkwato, wadda maƙwabtanmu na Nijar suke dangantawa da Maraɗi, tana cikin fatun da ayarin raƙuma suka riƙa ƙetara Sahara da su zuwa Arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai da sunan fatar Maroko, ana yi wa manyan littattafai bango da ita. Har yau hanyar ba ta canza sosai ba, sai dai jirgi ya maye gurbin raƙumi: dillalai suna tattara fatu daga mahauta da kasuwannin dabbobi irin na Illela da Achida, a loda su zuwa manyan masana'antun jima na Kano da ke Challawa da Sharaɗa, daga nan mafi kyawunsu su wuce Italiya da Sifen, inda ake mayar da su takalma da jakunkunan da kuɗin guda ɗaya zai iya biyan Baba ladan shekara. Wanda ya yi kiwon akuyar da wanda ya feɗe ta da wanda ya jeme ta, rabonsu shi ne mafi ƙanƙanta a cikin wannan dogon sarƙa, kuma suna zaune ne a jihar da rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na watan Nuwambar 2022 ya sa a gaba wajen talauci ta fuskoki da dama, da kusan kashi 91 cikin 100 na jama'arta, alhali na ƙasa baki ɗaya kashi 63 ne, wato mutum miliyan 133. Maigidan ya ce ko shi da yake zaune a tushen fatar, sai ya yi gogayya da masu saye da dala kafin ya samu mai kyau, shi ya sa wasu shagunan suka koma haɗa fata da leda suna sayarwa da sunan fata zalla.

Duk da haka ba zan wanke shagon tas ba. Yaran nan biyu, waɗanda ba su wuce shekara goma sha uku ko sha huɗu ba, ba su cikin jingar. Ana ba su abincin rana da ɗan abin da maigida ya ga dama da yamma, a kan cewa koyon sana'a suke yi, amma a duk zuwan da na yi ban ga an damƙa wa ɗayansu basilla ba, shafa gam da aike kawai suke yi, kuma suna shaƙar gam ɗin a ɗakin da tagarsa ɗaya ce. Ɗaya daga cikinsu iyayensa sun baro ƙauyensu na gabashin jihar ne saboda 'yan bindiga, kuma ba ya zuwa makarantar boko. Na yi wa maigidan maganar, ya ce shi ma haka ya tashi, wanda gaskiya ne, sai dai ba amsa ba ce. Haka nan matan da suke yin adon saƙar fata na jikin tumtum a cikin gidaje, ta hannun wata dillaliya ake kai musu aikin, kuma da na tambayi nawa ke isa hannunsu, sai aka sauya magana. Mutumin da ya iya faɗin ladan mai ɗinki a gaban mai saye ba tare da jin nauyi ba, ya kamata ya iya faɗin na waɗannan ma.

Ga mai niyyar zuwa, takalmi da tumtum su ne ƙarfin shagon, kuma wanda ya saba sayen na roba sau uku a shekara zai ga cewa 22,000 ɗin ba asara ba ce. Idan jaka ce, ya fi kyau mutum ya sayi zif mai ƙarfe da kansa ya kai musu, kuma kada ya ba da aiki a cikin wata guda kafin salla idan yana da ranar da yake buƙatarsa. Ba su karɓar kati, amma suna karɓar tura kuɗi ta waya. Da na mayar da jakata a kan maganar zif, maigidan ya ba da haƙuri, ya ce gyaran kyauta ne, ni dai in biya kuɗin sabon zif. Baba ne ya farke tsohon ya ɗinka sabon a gabana, aikin da ya ci masa fiye da sa'a guda, kuma kafin in fita na ga maigidan ya buɗe littafinsa ya rubuta masa naira 500 a ƙarƙashin sunansa.