Kwas ɗin Ingilishi da na sa ƴata a Maraɗi, da maganar kayen hira

Mutane sun yi ta tambayata kan wurin nan da na sa ƴata kwas ɗin Ingilishi na yamma, wasu a kasuwa wasu ta WhatsApp, to bari in rubuta sau ɗaya kowa ya gani. Ba zan kama sunan wurin ba don akwai abin da zan yaba akwai kuma wanda zan kushe, kuma mutanen kirki ne ba na son in taɓa musu sana'a.

Gida ne aka mayar makaranta, ɗaki biyu da rumfa, malamai uku, kwana uku a sati daga bayan la'asar zuwa gab da magariba, jika biyar nake biya a wata. Yarinyar shekararta 14, tana katiriyam, aji uku na sakandare, tun siziyam, ajin farko, take yin Ingilishi kamar kowane ɗan CEG, wato ƙaramar sakandare, amma wallahi shekara ta uku kenan in ka ce ta haɗa jimla ɗaya da kanta sai ta sunkuyar da kai. Makinta 7 ne, 8 ne bisa 20, takardarta in ta kawo gida ja wur da bik ɗin mushe, wato biron malami, har ta kai tana ɓoyewa a ƙasan katifa. Ni kuma abin ya dame ni ƙwarai, don ina zuwa Kantin Kwari sarin atamfa, ciniki dai da Hausa ake yi ba matsala, amma da an zo maganar banki ko takardun kaya sai ka nemi wanda zai karanta maka. Ga shi kuma tun watan Maris na 2025 kundin ƙasar Nijar ya sa Hausa ta zama harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki, kenan yaron da ya iya Ingilishi ba zai rasa inda zai yi amfani da shi ba. Ita kanta burinta aikin lafiya, kuma nan Maraɗi ga jami'ar Maryam Abacha da ake karatu da Ingilishi.

Abin da ya bambanta wurin da sauran kwas da na sani shi ne wani kaye, littafin rubutu dai mai shafi 100, da malamar ke sa kowane yaro ya saya ranar farko. In an kusa tashi sai ta ba su kamar minti goma sha biyar kowa ya rubuta mata abin da ya ga dama da Ingilishi, labarin gida, ƙwallo, abin da ya ba shi haushi a lakwal, ko tambaya. Sai ta kwashe kayen ta tafi da su gida, ta amsa wa kowa a ƙasan rubutunsa kamar wasiƙa. Ba maki, ba jan bik. Hira ce kawai a rubuce tsakaninta da yaro.

Gaskiya da farko raina ya ɓaci. Bayan sati uku yarinyar ta nuna min shafi ɗaya, ta rubuta "Yesterday I go to market with my aunt and we buy fish". Ni ɗan Ingilishin da na tsinta a hanya ya isa in san in an ce jiya ba a cewa go, amma malamar ba ta ja layi ba, ba ta zagaye komai ba. Washegari na rufe shago da wuri na je.

Na ce mata, Malama ni fa kuɗina nake biya don a gyara wa yarinya kuskure, ga kuskure ƙiri-ƙiri kin bar shi.

Ta ce, Alhaji don Allah karanta abin da na rubuta a ƙasa.

Ta rubuta "You went to the market! What fish did you buy? I bought fish on Friday, it was very expensive". Ta sa yatsa kan went da bought ta ce, ga gyaran nan Alhaji, na mayar mata da maganarta daidai ba tare da na ce ta yi laifi ba, kuma na yi mata tambaya don dole ta sake rubutu. Ta ce yarinyar da ta shekara uku tana ganin ja a takardarta, in na ƙara mata wani jan gobe layi ɗaya za ta rubuta, wanda ta tabbata babu kuskure a ciki, daga nan kuma shikenan. Ta kuma gaya min ba ita ta ƙirƙiro ba, wata malamar aji shida ce a Los Angeles ta Amurka mai suna Leslee Reed ta shahara da shi, ajinta cike da ƴaƴan baƙi masu harsuna daban-daban, har masu bincike irin su Jana Staton da Joy Peyton suka bi kayen ɗalibanta suna nazari wajen 1980. Na dawo gida ban gama yarda ba amma na ce bari in ba ta wata biyu.

To a wata biyun nan na ga abin da ban taɓa gani ba. Layi biyu ya koma rabin shafi, rabin shafi ya koma shafi ɗaya da rabi. Lokacin da kakarta ta kwanta asibiti, wani dare wuta ta ɗauke na fito tsakar gida na iske ta zaune kan tabarma da fitilar wayar uwarta a baki, tana rubutu tana share hawaye, na ce me kike yi da daren nan, ta ce Baba malama nake ba labarin Kaka. Ba aikin gida ba ne, ba wanda ya sa ta. A shafin nan inda kalma ta ƙwace mata sai ta sa ta Faransanci, ta rubuta ordonnance, malamar da ta zo amsawa ta yi mata jaje sannan ta yi amfani da prescription a cikin maganarta, kuma a rubutu na gaba yarinyar ta ɗauka ta sa da kanta. Went ɗin nan ma da na je faɗa a kansa ya fara fitowa, wani lokacin ta manta ta koma go, amma yana fitowa. Makinta a lakwal ya tashi zuwa 12.

Yanzu abin da bai yi min ba. Na farko jinkiri. Yara sun haura arba'in malama ɗaya ke amsawa, sai kaye ya yi sati a hannunta, yarinya ta yi tambaya ranar Litinin amsa sai wata Litinin, zafin hirar ya riga ya huce. Kuma da ta yi tafiya ta sati biyu wani malamin ya karɓa, shi kuwa good kawai yake rubutawa a ƙasa ya sa hannu, nan take yarinyar ta koma layi uku. Wannan ya nuna min aikin gaba ɗaya a wuyan mai amsawa yake, in bai karanta da zuciya ɗaya ya yi tambaya ta gaske ba to kayen banza ne. Ya kamata masu wurin su koya wa sauran malaman ko su rage yawan yara.

Sai maganar sirri, wadda ita ce ta fi tsaya min a rai a matsayina na uba. Bayan ɗan lokaci yarinyar ta daina nuna min kayen, ta ce amana ce tsakaninta da malama. Budurwa mai shekara 14 tana rubuta abin da ke ranta ga wani a waje, dole uba ya tambaya. Malamar ta ce tun ranar farko ta gaya wa yaran ba za ta nuna wa kowa ba, sai fa in ta ga abin da zai cutar da yaro, nan kam za ta kira iyaye, kuma kayen ƴan mata ita ke riƙewa. Na gamsu da wannan, amma ai lokacin tafiyarta namiji ne ya karanta ba a sanar da mu ba, na kuma faɗa musu ban ji daɗi ba. Sannan kayen a kwali suke ajiye su bakin ƙofa, kowane yaro zai iya ɗaga na wani, akwatin ƙarfe da kwaɗo nawa yake?

Kada kuma wani ya ɗauka kayen kaɗai zai fid da yaro a BEPC, jarrabawar gama CEG. Jarrabawa tana son nahawu, a juya jimla, a cike gurbi, kuma awa ɗaya kacal suke ba wannan a sati, ga wanda ke turwaziyam, ajin jarrabawar, ya yi kaɗan. Lokacin ma yana cin karo da Islamiyya, mu sai da muka mayar da ita ta safiyar Asabar da Lahadi. Ɗakin ƴan mata kuwa in wuta ta tafi a watan Afrilu ba a zaunuwa.

Duk da haka na biya na wata uku masu zuwa, kuma ƙanenta zai shiga in ya kai sankiyam, aji biyu. Na roƙi malamar ta riƙa mayar da kayen sau biyu a sati ko da amsar gajera ce, ta ce za ta gwada in an samo mata mataimakiya. Shekaranjiya yarinyar ta zo shago ta ce Baba ba ni dala sittin, kayen farko ya cika.