Akwatin gina atam na roba: ya iya lissafi, tarihi kuwa sai malami ya cike masa

Abokan aikina malaman kemistiri sun sha tambayata ko akwatin nan na gina atam da ake sayarwa a shagunan kayan ɗakin gwaje-gwaje ya ci kuɗinsa. Ya ci, ku saya. Amma kada ku miƙa masa darasin tarihin atam ku koma gefe. Tun farkon wannan zango nake aiki da shi tare da 'yan SS1 a makarantarmu ta 'yan mata da ke Zariya, kuma ga abin da na gani.

A cikin akwatin akwai farin faifai na roba mai rami a tsakiya a matsayin cibiyar atam, da zobba huɗu na ilaktiron kewaye da ramin, kowane zobe da 'yan hudoji. Sai duwatsu kala uku, na ƙananan sassa ukun da ke cikin atam: ja na furoton, shuɗi na niyutiron, rawaya na ilaktiron. An haɗa da takarda babba ta liƙawa a bango mai hotuna biyar, daga ƙwallon Dalton zuwa gajimaren Schrödinger.

Faifan ya yi mini aikin da alli ya kasa. Na ba wata ɗaliba sodiyam ta jera ilaktiron 2, 8, 1 a zobba, na ba ƙawarta kulorin ta jera 2, 8, 7. Ban ce komai ba ta farkon ta zare dutsen rawaya ɗaya tilo da ke zoben waje ta cusa a hudar da ta rage wa ƙawarta, ajin kuwa ya ɗauka gaba ɗaya: gishiri! Haka da muka zo kan kulorin 35 da kulorin 37, suka ƙirga shuɗi 18 a ɗaya, 20 a ɗayan, suka gane da hannunsu dalilin da ya sa littafi ke rubuta 35.5 a matsayin nauyin atam ɗin kulorin. Daga haidurojin har kalsiyam, wato abubuwa 20 na farko da jarrabawar WAEC ke yawan tambaya a kai, faifan bai ba ni kunya ba. Robar ma tana da kauri, ta sha faɗuwa ba ta tsage ba.

Akwai wuraren da sai malami ya gyara da baki. Duwatsun duk girmansu ɗaya, alhali furoton ya ninka ilaktiron nauyi kusan sau 1836. Zobe na uku hudoji takwas kawai aka yi masa, shi kuwa yana iya ɗaukar 18. Ramin tsakiya kuma ya cinye kusan rabin faifan. Ni nakan ce musu da atam zai kai girman filin wasa na Ahmadu Bello da ke Kaduna, da cibiyarsa ba za ta wuce ƙwayar wake a tsakiyar filin ba.

Takardar bangon ce ta fi damuna. Hotuna ne biyar da sunaye da shekaru, babu ko gwaji ɗaya da aka ambata. Wata yarinya ta tsaya gabanta ta ce, "Malama, in duk na bayan kuskure suka yi, me zai sa mu yarda da na ƙarshen?" Tambaya ce mai kyau ƙwarai, kuma takardar ce ta jawo ta, domin ta nuna abin kamar kowane masani ya tashi ne ya zana son ransa.

Ba haka aka yi ba. John Dalton, wanda shi ma malamin makaranta ne a Manchesta, ya auna nauyin abubuwan da ke haɗuwa ya ga kullum da ma'auni ɗaya suke haɗuwa, shi ya sa a 1808 ya wallafa cewa kowane sinadari yana da irin nasa atam da ba ya rabuwa. A 1897 J. J. Thomson a Kambirij ya karkatar da wani haske cikin bututun gilashi da wutar lantarki da maganaɗisu, ya tabbatar akwai wani abu da ya fi atam ƙanƙanta, wato ilaktiron. Dole hoton Dalton ya canza, sai Thomson ya kawo nasa a 1904, ilaktiron a warwatse cikin dunƙule mai kishiyar cajinsu. A 1909 Hans Geiger da Ernest Marsden, suna aiki ƙarƙashin Ernest Rutherford, suka riƙa harba ƙwayoyin alfa, wasu ƙananan ƙwayoyi masu caji irin na furoton, kan siririn fallen ƙarfe irin su zinariya. Kusan duka suka wuce, ƙalilan suka dawo baya. Dunƙulen Thomson ba shi da abin da zai dawo da su, don haka a 1911 Rutherford ya ce nauyin da cajin sun taru ne a cibiya 'yar mitsitsiya. Sunan Geiger da Marsden bai fito a takardar ba, kuma wannan ya yi mini ciwo, don Marsden ɗalibi ne ɗan shekara ashirin a lokacin, ba wani nisa tsakaninsa da yaran da ke gabana.

Shi kuma Niels Bohr, ɗan ƙasar Denmak, layukan launi da haidurojin ke fitarwa ne suka kai shi ga zobbansa a 1913. Lissafinsa ya yi daidai a kan haidurojin, ya gaza a kan atam masu ilaktiron da yawa, har Erwin Schrödinger ya zo da nasa lissafin a 1926, wanda ke faɗin inda aka fi sa ran samun ilaktiron maimakon shata masa hanya. Faifan robar nan a kan Bohr ya tsaya. In malami bai faɗa ba, yaro zai fita sakandare yana rantsuwa ilaktiron a kan zobe yake gudu.

Akwai kuma kuskure na fili: an zana niyutiron cikin hoton 1913, alhali sai a 1932 James Chadwick ya gano shi. Na rubuta sunansa da shekarar a ƙasan takardar da biro. Yanzu ba na liƙa ta sai mun gama labarin gwaje-gwajen, sannan in sa su rubuta gwajin da ya haifi kowane hoto a ƙarƙashinsa.

Ya kamata makaranta ta sayi faifai ɗaya ga kowane rukunin yara huɗu ko biyar, ɗaya tak a gaban aji kallo kawai za a yi. Duwatsun ƙanana ne, suna saurin ɓacewa, amma wajen masu sayar da duwatsun ado a kasuwa ana samun madadinsu da araha. Kafin ku biya ku sa mai shago ya buɗe akwatin ku ƙirga: ja 20, rawaya 20, shuɗi kuwa aƙalla 22, don in bai kai haka ba argon ba zai ginu ba.