The Expanse: Wanda Ya Mutu a Fim, a Littafi Yana Nan da Ransa

Ɗan'uwa, ka ce ka gama kallon The Expanse, fim ɗin nan mai dogon zango na rayuwa a sararin samaniya da aka ɗauko daga littattafai, zango shidan duka, kana tambaya ko ka ɗauki littafi na 7 kawai ka ɗora daga inda fim ya tsaya. Shawarata kada ka tsallake. Wanda bai gama kallo ba ya dakata nan, don zan fasa ƙwai.

Ginshiƙin labarin ɗaya ne. Duniya da Mars suna zaman doya da manja, 'yan Belt kuma, masu haƙar ma'adinai a duwatsun da ke tsakanin Mars da Jupiter, su ke shan wahalar kowa, har ruwa da iska sai sun saya. Littattafai tara ne, daga 2011 zuwa 2021, mutum biyu suka rubuta su, Daniel Abraham da Ty Franck, da sunan James S. A. Corey. Fim ɗin ya fara a Syfy a 2015, Amazon ta karɓe shi bayan zango na 3, ya ƙare a 2022 a kan littafi na 6. Ɗan sanda Miller ya bi Julie Mao, yarinyar da aka sa shi nema, ya faɗa Venus tare da dutsen Eros a littafi da fim duka. Bambancin kawai, a littafi ƙarshen na farko ne, a fim sai cikin zango na 2.

Inda hanya ta rabu sosai shi ne Alex Kamal, matuƙin Rocinante, kumbon jaruman labarin. A fim, ƙarshen zango na 5, yana zaune a kujerarsa bayan ya ceto abokiyar aikinsa Naomi, jini na ɗiga daga hancinsa yana yawo a iska, jijiya ta fashe masa a kai saboda tsananin gudun kumbo. A littafi ba haka aka yi ba. Alex yana nan har littafi na ƙarshe, ya tsufa, yana da ɗa mai suna Kit, har da jika. Irin mutuwar da aka ba shi ta Fred Johnson ce, shugaban tashar Tycho, a littafi na 6, a cikin Rocinante ana tsaka da yaƙi. Shi kuma Fred na fim, Sakai ce ta harbe shi a tashar Tycho. Ka ga an yi musayar ajali.

Drummer ɗin da kake so ɗin nan, mutum uku ce aka dunƙule: Drummer ta littafi, da Michio Pa, da wani ɓangare na Bull. A littafi Michio Pa ce ta juya wa Marco Inaros, madugun 'yan tawayen Belt, baya, ita Holden, kyaftin ɗin Rocinante, ya bar wa shugabancin ƙungiyar sufuri. Ashford kuwa, a nan fim ya fi littafi a ganina. Dattijon da ya tafi yana waƙa sa'ad da Marco ya jefa shi sarari, a littafi na 3 kyaftin ne mai girman kai wanda ya harbe Sam Rosenberg da hannunsa. Ba za ka yi masa hawaye ba.

Duwatsun da Marco ya jefo wa Duniya ma ba ɗaya ba ne: fim ya ƙirga miliyoyi, littafi biliyoyi.

Littafi na 7 ya tsallake kusan shekara 30 ya kawo daular Laconia ta Winston Duarte, wadda fim ya ɗan leƙa kawai. A na 8 Avasarala ta rasu tun a jimlar farko, Bobbie ta mutu wajen tarwatsa babban jirgin yaƙin Laconia, Amos an kashe shi ya dawo da baƙaƙen idanu. Holden ya ba da ransa a na 9 don a rufe ƙofofin nan na sarari masu kaiwa wasu duniyoyi, Amos ne aka tarar a Duniya bayan shekara dubu.

In lokaci ya yi maka kaɗan, fara daga na 3, amma na 5 da na 6 dole ne, in ba haka ba za ka buɗe na 7 ka tarar da Alex a kujerar tuƙi ka rasa daga ina ya fito.